Wai idan an ce "ayyukan fasaha", zane ake nufi ko na'ura?

Dan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya, na ga gara in kawo shi gaban masana. Ni mai zane ne a Zariya, da fenti nake aiki, wani lokaci da gawayi. Ni da abokaina uku muka haɗa kuɗi muka kama wani ɗakin taro na kwana biyu, muka rataye zanenmu guda 27, muka buga sanarwa da manyan baƙaƙe: BAJE KOLIN AYYUKAN FASAHA. Mutane sun zo, alhamdu lillahi, amma kusan rabinsu ba abin da muka rataye suka zo gani ba. Wani dattijo ya zagaya ɗakin sau biyu, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, ina injin ban ruwan?" Shi a zatonsa irin taron nan ne da ɗalibai ke nuna abin da suka ƙera. Wasu samari kuma manhajar waya suka zo nema.
To ga tambayata. Idan Bahaushe ya ce aikin fasaha, me yake nufi? Zane da sassaƙa da waƙa, ko kwamfuta da inji? In kuwa kalmar ta riga ta koma hannun masu na'ura, mu da wane suna za mu kira abin da muke yi?

Ummu_Khairat:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ni ma da na ga sanarwar nan, kan sola da kwamfuta hankalina zai tafi. Kullum a rediyo "kimiyya da fasaha" muke ji, kunne ya riga ya saba.

Malam_Na_Zaure:
Ɗan'uwa, ba ka yi kuskure ba, dattijon nan ma bai yi ba. Kalmar ce ta yi tafiya mai nisa. Asalinta Larabci ce, kuma a can ma'anarta bayyanar magana da tsabtar harshe. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci ilimin balaga, wato na iya sarrafa zance a Larabci, ya san da babin fasaha ake farawa: kalma ta kuɓuta daga nauyin furuci, ta kuɓuta daga baƙunta, ta bi ƙa'ida. Daga saiwar nan aka sami fasihi. Da ta shigo bakin Bahaushe, sai ya fara ba mai iya magana da mai iya tsara waƙa. Daga nan ya ga ai wanda hannunsa ya iya aiki shi ma magana yake yi, da allura ko da guduma, sai ya ba shi ita. Na'ura ce ta zo daga baya, ta tarar da kalmar a gida.
Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, kalmar da Larabawa ke kiran irin aikinku da ita, wato fann, mu ma mun aro ta, amma muka ba ta wani aiki. Ita ce "fanni", kamar fannin likitanci ko fannin shari'a. Ka ga mun ɗauki tasu ta zane mun mai da ita reshen ilimi, mun ɗauki tasu ta iya magana mun mai da ita gwanintar hannu.

Injiniya_Sola:
Allah ya gafarta Malam, tarihi daban, yau daban. Jami'ar da ke Wudil me ake ce mata? Ta kimiyya da fasaha. Kwalejin da ke Kaduna fa? Haka. Yaro ɗan firamare ka tambaye shi fasaha, waya zai nuna maka. Harshe na masu magana da shi ne. Ni shawarata masu zane su haƙura, su ce "zane-zane" kawai, kowa ya huta.

Dan_Tudun_Wada:
Injiniya, da zane ne kaɗai da na haƙura. Ɗaya daga cikinmu tukwane yake ginawa, wani kuma itace yake sassaƙawa. In na rubuta zane-zane na bar su a waje.

Hajiya_Mai_Lalle:
Ku bari in faɗa muku yadda na tashi na ji ta. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba, amma kalmar nan ba ta barin bakinta. In yarinya ta saƙa faifai ya fito da kyau, sai ta juya shi ta duba bayansa, ta ce "'yar nan akwai fasaha". In yaro ya haɗa mota da kara da gwangwani, nan ma ta ce "ɗan nan akwai fasaha". Ban taɓa jin ta ɗaga faifan ta ce wannan fasaha ce ba. Faifai faifai ne. Fasahar tana jikin mai saƙar. Ni a ganina nan ne kuke samun matsala: kuna son ku liƙa wa kaya sunan da ake kiran abin da ke cikin mutum.
Shekarata 19 ina ƙunshin amare. Ba wadda ta taɓa ce mini zo ki yi mini aikin fasaha. Cewa ake zo ki yi mini lalle, ko ki zana mini fulawa. Amma in na gama, uwar amarya ta kama hannun ta duba, ta ce Allah ya ƙara fasaha.

Malam_Na_Zaure:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Abin da na yi ta kewaye-kewaye a kai kin faɗe shi a taƙaice.

Tela_Mai_Surfani:
Maganar Hajiya ta tuna mini da wani abu. Mu a wurinmu sunan abin "aiki". Shi ke nan. Riga mai aiki, hula mai aiki. Mutum zai shigo shago ya ce wane aiki za a sa wa wuyan? A ce aska biyu, ko aska takwas, ko a yi masa tambari. Kowane da sunansa. Babbar riga ta aikin hannu takan ci watanni a hannun mutum ɗaya, yana zaune a zaure da allura, kuma kafin a sa allura akwai wanda ke zana fasalin a jikin yadin, shi ma sana'arsa ce daban. Duk wannan wahalar, aiki kawai ake ce mata, kuma babu wanda ya raina ta. Wanda ya san riga, daga nesa yake gane na hannu da na keke.

Bazazzagi_77:
Tun da mai tambaya ɗan Zariya ne, bari in tuna masa da abin da ke ƙofar gidansa. Wanda ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da wane suna duniya ta san shi? Babban Gwani. Har yau akwai unguwa mai wannan suna. Ba a ce masa babban fasihi ba. Mutumin da ya ɗaure bakan gizo da azara da ƙasa, ya tayar da rufi mai faɗin nan ba ƙarfe ba siminti, gwani aka kira shi. Don haka ni ina ganin kalmar da ta fi tsufa a wannan fage ita ce gwaninta. Ta Hausa ce, ba ta da wata rigima da na'ura.

Alaramma_Dan_Tsangaya:
Bazazzagi, gwani ma ba ta masu aikin hannu ba ce su kaɗai. A tsangaya gwani matsayi ne na wanda ya haddace Alƙur'ani ya ƙware har ana komawa gare shi. Akwai gwanin kokawa, akwai gwanar girki. In ka rubuta "baje kolin gwaninta", wani zai zo neman dambe.
Amma ga wata kalma da ba ku ambata ba: zayyana. In almajiri ya yi sauka, akan yi masa allon zayyana, a rubuta ayoyi a tsakiya, a kewaye su da ado na ja da rawaya da kore. Akwai masu wannan aiki musamman, ba kowane mai rubutu ke iyawa ba. Haka rubutaccen Alƙur'ani na hannu, wuraren hizifi da sujada duk akwai adon da ake sa musu. Wannan shi ne zanen da ya fi daɗewa a hannun malamai a ƙasar nan, kuma sunansa zayyana.

Ummu_Khairat:
Allon zayyanar yayana yana nan rataye a ɗakin mahaifiyarmu, ya fi shekara 30. Ban taɓa kawo shi cikin irin wannan lissafi ba sai yanzu.

Mai_Fassara_Kd:
Ni aikina fassarar labarai, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda suka fi ba mu ciwon kai. A 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya ta musamman mai kula da wannan fage da al'adu, aka ba Hannatu Musawa. A gefe guda kuma ga ma'aikatar kimiyya, ita ma a Hausa da fasaha ake ƙarasa sunanta. Ranar da labari ya haɗa su biyun, sai ka ga kana da ministocin fasaha biyu a takarda ɗaya, mai sauraro bai san wane ne wane ba.
Dabarar da muke yi ita ce jingina. In muka ce kimiyya da fasaha, an san na'ura ce. In muka ce fasaha da al'adu, an san waƙa da zane da wasan kwaikwayo ne. Fasahar zamani, fasahar sadarwa, duk na'ura. Kalmar ita kaɗai ba ta tsayawa da ƙafarta, sai an ba ta abokin tafiya. Mai tambaya, kuskuren sanarwarku shi ne kun sake ta ita kaɗai. Da kun ce "ayyukan fasahar hannu", ko "fasahar zane da sassaƙa", da dattijon nan bai zo neman inji ba.

Dan_Tudun_Wada:
Yaya Mai_Fassara, na karɓi gyara. Sai dai "fasahar hannu" tana ɗan yi mini kama da irin abin da ake koya wa mata a cibiyoyin sana'a, su sabulu da man shafawa da jaka. Ba raini ba ne, amma ba shi muke yi ba.

Hajiya_Mai_Lalle:
Ƙanena, ka ce ba raini ba ne, amma ka sake karanta abin da ka rubuta. Me ya raba zanenka da jakar da mace ta saƙa? Don naka ana rataye shi a bango, nata kuma ana rataye shi a kafaɗa? Ka ciro naira 20 ka duba bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana gina tukunya. Ba ta yi karatun boko ba, a hannun mata ta koya a ƙauye, irin tukwanen da ake zuba ruwa. A 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane ta tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, daga nan tukwanenta suka je har Ingila da Amurka ana kallo. Tukunyar ruwa ce dai, hannun ne ya bambanta.

Dan_Tudun_Wada:
Hajiya ki yi haƙuri, kin fi ni gaskiya a kan wannan. Abin da nake son faɗi shi ne akwai abin da ake yi don amfani, akwai wanda ake yi don kallo kawai da isar da saƙo. A makaranta an raba mana su. Shi na biyun nake nema wa suna.

Bazazzagi_77:
Wannan rabon daga Turai ya zo, tare da sashen koyar da zane. A Zariyar nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu, don ba su yarda a koya musu zanen Turawa zalla a bar na gida ba. Yau shekara sittin da wani abu ke nan, mu kuma har yanzu muna tambayar ko faifai ya isa ya shiga ɗakin baje koli. Magabatanmu ba su san wani ado da ake yi don kallo kawai ba. Adon yana jikin ƙofar gida, yana kan zankwaye, yana jikin sirdi da linzami, yana jikin ƙwaryar da amarya ke jerawa.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar abin ya ɗan bambanta, don mu Faransanci muka gada. Wanda duk ke waƙa ko wasa ko zane, artis muka ce mishi. Masu aikin hannu kuwa, maƙera da dukawa da masaƙa, su ne artizan. A Yamai akwai wuri nasu a unguwar Wadata, kowa da rumfarshi, kuma cikin gidan tarihi na ƙasa ma za ka iske su zaune suna aiki gaban mutane. Amma in tsoho na magana bai cewa ko ɗaya. Cewa yake wane ya iya hannunshi, ko wane na da hikima. Hikima ta fi fasaha yawo a bakin mutanenmu. Maƙerin farin ƙarfe na Agadas da ke zuba azurfa ya fidda sarƙa, hikima aka ce yana da ita.

Malam_Na_Zaure:
Dan_Maradi, wannan magana taka tana da tushe. Ko a Kano, marubuta waƙoƙi sun taɓa samun ƙungiyoyi biyu sanannu, ɗaya ta ɗauki sunan Hikima, ta su Mudi Sipikin, ɗaya kuma Hausa Fasaha, ta su Aƙilu Aliyu. Kundin waƙoƙin Aƙilu da aka buga a shekarun 1970 ma Fasaha Aƙiliya sunansa. Injiniya, wannan amsarka ce. Tun kafin wayar hannu ta shigo ƙasar nan, an buga kalmar a bangon littafi, kuma waƙa ake nufi.

Injiniya_Sola:
Malam, ban musa ba cewa mawaƙa sun riga mu. Amma a duba adalci. Mu ma ba sata muka yi ba. Yaron da Hajiya ta ce ya haɗa mota da kara, kakarta ta ce akwai fasaha, ai shi ne ya girma ya zama ni. Har a wurin Turawan ma, kalmar teknoloji daga wata kalmar Girkanci ta fito wadda ke nufin gwanintar hannu, ta maƙeri da magini da mai sassaƙa duka. Ke nan wanda ya fara fassara ta da fasaha ya san abin da yake yi. Na janye maganar ku haƙura, amma ku ma kada ku ce mu baƙi ne.

Takari_Mai_Wurno:
Gaisuwa daga Sudan. Mu nan fannan muke cewa ko muna cikin Hausa, musamman ga mawaƙi. Na'ura kuma tikniya. In ka ce wa tsohonmu wane yana da fasaha, abin da zai fahimta shi ne bakinsa ya iya magana, ya iya Larabci mai kyau. Ma'anar da Malam ya ce ita ce ta asali, ita ce ke raye a wurinmu. Na yi mamaki ranar farko da na ji gidan rediyo na cewa fasahar zamani, na ɗauka sabon salon wa'azi ake nufi.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata daban ce. Shi mai sassaƙar da ke cikinku, me yake sassaƙawa? In turmi ne da kujera da akushi, ba magana. In kuwa siffar mutum ce ko dabba, to sunanta mutum-mutumi, kuma malamai sun yi magana a kai. Kada a fake da kalma mai daɗi a shigo da abin da ba shi ke nan ba.

Dan_Tudun_Wada:
Malam Abu_Sumayya, ƙyauren ƙofa yake yi da allunan bango, da dagi da ganye da rubutu. Ba ya siffar mai rai.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, hukuncin siffa babi ne mai zaman kansa, kuma yana da malamansa. A nan maganar kalma muke yi. A dawo kan hanya don Allah.

Yar_Adabi_BUK:
Bari in shigo da wani ɓangare. Mu masu nazarin harshe mun huta da wannan rigima, don muna da "adabi". Waƙa, tatsuniya, karin magana, kirari, wasan kwaikwayo, ƙagaggen labari, duk sun shige ƙarƙashinta, an raba na baka da rubutacce. Ita ma aro ce daga Larabci, kuma ba kalmar kasuwa ba ce, makaranta ce ta kafa ta har ta zauna. Abin da aka yi wa fasahar baki ke nan, ba a yi wa ta ido ba. Babu wata kalma ɗaya da aka zaunar wadda za ta haɗa zane da sassaƙa da ginin tukwane da saƙa.
Kuma dalilin a fili yake. Bahaushe da aikatau yake raɗa wa sana'a suna: ƙira daga ƙera, saƙa, rini, jima, ɗinki, gini, sassaƙa. Kowace da gidanta, da sarkinta, da unguwarta. Marini na Ƙofar Mata bai taɓa jin yana cikin jirgi ɗaya da baduku ba, balle a nema musu suna guda. In an tashi haɗa su, sana'o'in gargajiya ake cewa, wannan kuwa ta haɗa har da fawa da wanzanci. Buƙatar suna guda ta taso ne da aka fara tara kayan a ɗaki ɗaya ana kallo, kamar a Gidan Makama, gidan tarihi na Kano.
Wani ƙarin abu ga mai tambaya: ka yi hattara da rubuta "zane" shi kaɗai. A baki ana jan wasalin farko in na alƙalami ne, ba a ja in na ɗaurawa ne, amma a rubuce duk ɗaya suke. "Baje kolin zane" zai iya kawo maka masu neman atamfa. Jam'in ne ke raba su, zane-zane da zannuwa.

Ummu_Khairat:
Wallahi da ni ce na ga "baje kolin zane" da kuɗin atamfa zan zo.

Mai_Fenti_Bayan_Mota:
Ni ban yi karatu mai zurfi ba amma shekara 22 ina zanen bayan manyan motoci da allunan shago. Atis ake ce mana, ko mai fenti. Abin da na sani shi ne suna yana da alaƙa da kuɗi. In mutum ya zo ya ce "ɗan zana mini wani abu", to ya riga ya yanke a ransa cewa abin wasa ne, kuɗin shayi zai ba ka. Na taɓa kwana huɗu a kan bayan wata mota, dawisu biyu da masallaci da rubutu, mai motar ya ce ai ba wani abu na kashe ba ban da fenti. Amma makanikin da ya taɓa injin na awa ɗaya an biya shi ba gardama. Don haka ni ina goyon bayan a riƙe kalmar fasaha da ƙarfi. Tana da nauyi. In ka ce aikin fasaha ne, mutum yana jin kunyar taya shi da arha.

Tela_Mai_Surfani:
Wannan gaskiya ne. Mu ma tun da keken kwamfuta ya shigo, wanda ke fitar da aiki cikin awa biyu, sai ga masu saye suna cewa na keken ne "na fasaha", na hannun kuma "na gargajiya". Abin yana yi mini zafi. Wanda ya zauna wata uku da allura shi aka cire wa sunan, aka ba inji.

Dan_Fim_Kano:
Ba wanda ya ambaci "satar fasaha", alhali nan ne kalmar ta fi aiki a bakin mutane. Lokacin faifan sidi, in an kwafi fim ko waƙa an sayar ba izini, satar fasaha muke cewa, kuma kowa ya gane. Marubuta ma haka suke cewa in an ɗauke musu labari. Babu wanda ya taɓa zaton inji aka sace. Ke nan har gobe Bahaushe ya san waƙa da fim da littafi fasaha ne. Kuma ku lura, a nan kalmar ta sauka daga jikin mutum ta koma kan kayan, don ba basirar da ke kansa aka sace ba, abin da ya fitar aka ɗauka.

Hajiya_Mai_Lalle:
Dan_Fim, ni kuwa ina ganin ko a nan mutumin aka sata. In wata ta ɗauki hoton ƙunshina ta sa a shafinta ta ce nata ne, ba lallen ta ɗauka ba, ai ya riga ya goge a hannun amarya. Shekaru 19 ɗin nan ta ɗauka.

Yar_Adabi_BUK:
Maganganun biyu duk suna tafiya. Kalmomi da yawa haka suke, kamar "rubutu": aikin ne, kuma abin da aka rubuta ne. Fasaha tana kan wannan hanya, ba ta dai ƙarasa ba. Shi ya sa har yanzu sai mun ce "aikin fasaha", ba ma iya nuna zane mu ce "ga fasaha guda uku".

Injiniya_Sola:
To ga wata sabuwa. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka rubuta musu jimla ɗaya su fitar maka da hoto. Wannan hoton aikin fasaha ne ta wace ma'ana, tawa ko taku?

Mai_Fenti_Bayan_Mota:
Taka ce Injiniya. A ba shi bayan tirela da tsani a rana, mu gani.

Malam_Na_Zaure:
In muka bi ma'aunin kakar Hajiya, sai a juya faifan a duba bayansa, a tambayi wa ya saƙa. Wanda ya ƙera manhajar yana da fasaha, wannan ba shakka. Waɗanda aka tara zanensu aka koya mata, su ma suna da ita. Wanda ya rubuta jimla ɗaya ya danna, ni dai ba zan ce masa Allah ya ƙara fasaha ba.

Dan_Tudun_Wada:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru fiye da yadda na zata. Muna shirin sake wani bayan Sallah. Abin da na rubuta a takarda yanzu shi ne: "Baje kolin fasahar zane, sassaƙa da ginin tukwane". Ya yi tsawo, amma ba wanda zai ɓata. Wani abokina ya kawo shawarar "fasahar ƙawa", ni kuma ina jin kamar kayan kwalliya za a ɗauka.

Mai_Fassara_Kd:
"Fasahar ƙawa" ba za ta yi ba, masu gyaran amare za su cika muku ɗaki. Na farkon ya fi. Sai dai in kun ƙara masu rini ko masu saƙa a gaba, jerin zai fi ƙarfin allon.

Bazazzagi_77:
Ni har yanzu ina kan gwaninta. "Baje kolin gwanaye" kalma biyu ce bayan baje, kuma tana da daɗin faɗi.

Alaramma_Dan_Tsangaya:
In kun rubuta gwanaye, mu za mu zo da allunanmu, mu ɗauka musabaƙa ce.

Hajiya_Mai_Lalle:
Ƙanena Dan_Tudun_Wada, ko me kuka rubuta, ina da tambaya. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ke saƙa faifai da kaba mai launi huɗu, idonta ya fara rauni, bana ba ta yi fiye da guda shida ba. In na karɓo biyu na aiko Zariya, za ku ba su wuri a bangon, kusa da naku, da sunanta a ƙasa?